Yadda Ɗalibin BUK Zai Yi Zirga-zirga a Kano Ba Tare da Mota Ba

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) suka fito, sai ka ga gida ya kama lissafi: kuɗin rajista, katifa, bokiti, risho, 'yan kayan sawa. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne kuɗin mota, alhali shi ne mai cin aljihun ɗalibi kullum ta Allah. Rajista sau ɗaya ake biya a shekara a huta. Kuɗin adaidaita kuwa yana nan safe da yamma har ranar da ka ajiye biro a jarrabawar ƙarshe. Na yi karatuna kaf ba ni da mota ba ni da babur, kuma na ga abokai masu kaifin ƙwaƙwalwa suna rasa lakca, ba don lalaci ba, sai don babu na hawa. Abin yana damuna har yau. Shi ya sa nake so in zauna da kai ƙanena, da ke ƙanwata, in faɗa muku abin da na koya tun kafin ku ɗaura kaya.

Mataki na farko: san inda sashenka yake kafin ka biya ko sisi

BUK ba wuri ɗaya take ba. Akwai tsohuwar jami'a, wadda ɗalibai da direbobi ke kira Old Site, a kan titin da ya bi gefen badala daga Gadon Ƙaya zuwa Kabuga. Akwai sabuwa, New Site, a kan titin Gwarzo bayan an wuce Rijiyar Zaki. Ɗaliban likitanci kuma idan karatu ya yi nisa sukan koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, can wani ɓangaren gari daban. Tsakanin waɗannan wurare uku ba tafiyar ƙafa ba ce.

Saboda haka kada takardar shaidar samun gurbi ta ishe ka. Nemi wanda ya riga ka a sashen, ɗan aji biyu ko aji uku, ka tambaye shi abu biyu: a wace haraba ake yawancin darussan sashen, kuma ko akwai kwas ɗin da ake tsallakawa ɗaya harabar a ɗauka, musamman a shekarar farko. Amsar nan ita ce tubalin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: wurin kwana

A nan zan daɗe, domin wurin da ka kwana shi ke yanke maka kuɗin motar shekara gaba ɗaya.

Idan da hali, nemi ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta, kuma ka nema ranar da aka buɗe, ba washegari ba. Guraben ba sa isar kowa. Hostal yana da nasa wahalhalun, cunkoso da layin ruwa da hayaniya, amma wanda ya kwana a ciki ya tashi ya taka zuwa aji, ya yi karatun dare ya dawo ba ya tunanin abin hawa. Ga wanda ba shi da mota, babu abin da ya kai wannan.

Idan ba a dace ba, sai haya. Mai karatu a sabuwar jami'a ya duba Danbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki. Mai tsohuwar jami'a ya duba Kabuga, Janbulo, Ɗorayi, Gadon Ƙaya. Dillali zai ce maka "ai ga makarantar nan, jifa ɗaya ne." Ka gode masa, sannan ka gwada da ƙafarka. Ka taka daga ƙofar gidan zuwa bakin get ɗin makaranta kana duba agogo. Ka sake zuwa bayan sallar isha'i ka ga yadda layin yake: akwai haske, akwai masu shago, ko kango ne da duhu? Ka tambayi mai shayin unguwar yadda hanyar take zama idan an yi ruwan sama, domin akwai layin da a watan Agusta ko adaidaita ba ya yarda ya shiga.

Ga lissafin da nake so ka yi a takarda, ba a ka ba. Ka ɗauki misali kawai, farashi yana canzawa. A ce ka samu ɗaki mai araha amma sai ka yi hawa biyu kafin ka isa, kowane hawa naira 300. Zuwa 600, zuwa da dawowa 1,200. Kwana biyar a mako 6,000, a wata 24,000. Idan ka yi wata takwas kana zuwa makaranta a shekara, ka kashe 192,000 a kan titi. Yanzu kwatanta da bambancin kuɗin haya tsakanin wancan ɗakin da wanda yake kusa da get. Sau da yawa za ka tarar araha ce ta fi tsada, ga kuma awa biyu da take kwashe maka kullum.

Akwai wanda gidansu a Kano yake, ko aka ce ya zauna wurin kawu ko gwaggo a Hotoro, Na'ibawa, Kurna ko Birged. Zama a gidan dangi alheri ne, ga abinci ga tsaro, ba na raina shi. Sai dai ka zauna da Baba ko wanda ke ɗaukar nauyinka ka nuna masa lissafin nan ɓaro-ɓaro, cikin ladabi, domin a san adadin da za a riƙa ba ka tun farko. Da yawa daga cikin iyayenmu farashin da suka sani na shekarun baya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka nesa ba kusa ba, kuma kuɗin hawa ya bi ta. Sannan ka ƙulla da wani abokin kirki da ke kusa da makaranta wanda za ka riƙa kwana wurinsa lokacin jarrabawa. Ke ma ƙanwata haka, da sanin gida da yardarsu.

Mataki na uku: haddace garin

A Kano ba a kwatance da sunan titi da lamba, da mahaɗa ake yi da ƙofa da gada. Ga ɗalibin BUK, Kabuga ce cibiya. Daga nan ake miƙewa titin Gwarzo zuwa Rijiyar Zaki da sabuwar jami'a. Daga nan ake bin gefen badala a wuce Dukawuya, Ƙofar Famfo, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan'agundi, har a ɓulla Gidan Murtala da Ƙofar Nasarawa. Daga nan kuma ake shiga Tal'udu, a bi titin Aminu Kano, ko a gangara cikin birni ta Mandawari. Wanda zai je asibitin koyarwa yakan bi ta titin Gidan Zu ya fito mahaɗar Dangi.

Ka ware Asabar ɗaya a makonka na farko, ka samu ɗan gari, ku bi hanyoyin nan kana kallo kana tambaya. Kuɗin da ka kashe ranar ba asara ba ce. Baƙon da bai san inda zai ce a sauke shi ba, shi ake yi wa farashin baƙo.

Mataki na huɗu: hawan adaidaita

Wanda ya zo daga garin da ake acaɓa zai yi mamakin rashinta a nan. An hana haya da babur a birnin Kano tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Tun daga lokacin babur mai ƙafa uku ya gaje titi. Sunan adaidaita sahu kuwa ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo su domin jigilar mata.

Hawa iri biyu ne. Akwai na haɗaka, inda direba ke ɗaukar mutane a hanya kowa ya biya nasa, akwai kuma shata, inda ka ɗauke shi kai kaɗai ya kai ka har ƙofa. Ɗalibi na haɗaka ne abincinsa. Idan ka tsayar, ka yi sallama, ka faɗi inda za ka, ka tambayi kuɗi kafin ka ɗaga ƙafa. "Malam, Kabuga nawa?" Idan ya faɗa ya yi maka yawa, ka faɗi abin da kake da shi. In ya yarda ka hau, in bai yarda ba ka ce Allah ya ba da sa'a, wani na tafe. Abin da ba na so shi ne a isa sannan a fara cacar baki a bakin titi. Kuma kada ka yi tayin wulaƙanci. Mutumin nan mai yiwuwa babur ɗin ba nasa ba ne, yana da balas da zai kai wa mai shi da yamma, ga mai, ga iyali.

Ka tsaya a inda ake lodi, ba a tsakiyar hanya ba. A mahaɗa masu zuwa wuri ɗaya sun fi yawa, farashin kuma sananne ne. Idan tafiyar doguwa ce, ka tambayi kuɗin kai-tsaye ka kuma tambayi na yankawa biyu, wani lokaci sauka a Kabuga a sake hawa ya fi sauƙi. Ka riƙe canji. Duk wanda ya miƙa dubu ɗaya da sassafe ya san yadda ake ɓata minti goma ana neman canji wurin mai ƙosai. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun san cewa taransifa ba ta maye tsabar kuɗi a bakin titi, ga matsalar sabis. Kada kuma gaggawa ta sa ka yarda ka raɓa a gaba kusa da direba, rabin jikinka a waje. Ka jira na gaba.

Tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa akwai motocin da ke jigilar ɗalibai, kuma sun fi adaidaita sauƙi. Ka tambayi inda suke tsayawa da lokacin da layi ke tsawo, ka riga layin.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce haɗa kai. Mu uku ne a layi ɗaya masu lakcar ƙarfe takwas. Muka samu wani dattijon direba ɗan unguwar, mai natsuwa a tuƙi, muka yi yarjejeniya da shi: kullum bakwai saura kwata yana ƙofar masallaci, mu kuma mu biya shi kuɗin mako ranar Litinin. Shi ya samu lodin farko tabbatacce, mu mun huta da tsayuwa. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya makara an tafi, kuma ba a mayar masa da kuɗi. Ga 'yan mata wannan tsarin ya fi kowane, in dai direban sananne ne a unguwa, an san gidansa, an san lambar babur ɗinsa.

Mataki na biyar: raba kuɗin mota da na ci

Ranar da kuɗi suka shigo daga gida, kafin ka sayi komai, ka cire na mota na wata ka ajiye daban, a ambulan ko a wani asusun da ba ka taɓawa. Yunwa takan sa a ci kuɗin mota, a wayi gari an ƙoshi amma babu na zuwa aji. Sannan ka naɗe abin da zai mayar da kai gida sau ɗaya ka sa a bayan katin shaidarka, ka manta da shi sai ranar da ta ɓaci.

Mataki na shida: lokaci

Titin Kano yana da lokutan da yake cushewa. Da safe tsakanin bakwai da takwas 'yan makaranta da ma'aikata sun fito. Da yamma idan 'yan kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari suka tashi, abin hawa yana wuya kuma kuɗi yana ƙaruwa. Ranar Juma'a ana rufe wasu hanyoyi kusa da masallatai lokacin salla. Da azumi, awa ɗaya kafin shan ruwa kowa sauri yake, nan ne aka fi yin karo. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma akan taƙaita zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli, to idan an sa muku darasi ko gwaji ranar, ka yi shiri tun daren Juma'a.

Mai lakcar takwas da ke nesa, kada ya koma barci bayan asuba. Fita da wuri tana ba ka titi a buɗe, farashi daidai, da kujerar gaba a aji. Idan kuma akwai tazara tsakanin darasin safe da na yamma, kada ka koma gida. Ka taho da ɗan abincinka da gorar ruwa, ka shige laburare ko masallaci. Zuwa ɗaya dawowa ɗaya, shi ne ƙa'ida.

Ranar jarrabawa kuwa ka ninka lokacin da ka saba. Wata safiya a damina ina da jarrabawar ƙarfe tara, na fito bakwai da rabi ina ganin na yi sammako. Hadari ya haɗo daga gabas, kafin in kai bakin titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Masu adaidaita duk suka fake a gidan mai, waɗanda ke tafiya kuma a cike, labule a sauke. Na tsaya a rumfar wani mai faci, ruwa yana bin ƙafata har idon sawu, katin jarrabawata a cikin ledar burodi na cusa a ƙirji. Sai tara saura kwata wani ya tsaya, na biya ninki uku ban ce uffan ba. Na shiga ɗakin jarrabawa an riga an raba takarda, rigata tana ɗiga, hannuna yana rawa na kasa riƙe biro na kusan minti biyar. Tun daga ranar, duk jarrabawar safe a kusa da makaranta nake kwana. Ka tuna kuma masu adaidaita sun taɓa yajin aiki, kamar na watan Janairun 2022, inda aka ga mutane tuli suna takawa a ƙasa. Wanda ya san hanyarsa da ƙafa ranar bai rasa komai ba sai gumi.

Mataki na bakwai: keke da ƙafa

Sabuwar jami'a fili ce mai faɗi, daga get zuwa wasu tsangayoyin tafiya ce sosai. Ga wanda ke zaune a Danbare ko Rimin Gata ko cikin hostal, keke ya fi komai. Kwance mai kyau ya isa. Ka tafi da wanda ya san keke, a duba birki, sarƙa, da ko gargaren ya karkace. Ka sayi kwaɗo mai ƙarfi da sarƙar ɗaurewa, ka riƙa haɗa shi da ƙarfe ko bishiya a inda jama'a ke wucewa, ko da minti biyu za ka yi. Wasu samari suna jin kunyar keke a jami'a. Wannan kunyar ba ta da tushe, kuɗin hawan wata biyu ko uku ya isa ya saya maka abin da zai yi maka shekara huɗu. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne titin Gwarzo da dare: manyan motoci na bi, kuma ba kowa ke ganin mai keke ba. In dole ne, ka sa fitila gaba da baya, ka kama gefe.

Tafiya a sayyada kuma tana son shiri daidai da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta da wasa, ka riƙe ruwa da hula ko lema, ka guji tafiyar tsakar rana. Da hunturu ka sa takunkumi saboda ƙura. Da damina leda a jaka kullum, domin littattafai da waya.

Mataki na takwas: tsaron kai

Ƙwacen waya gaskiya ne a Kano, kuma mai tsayuwa a bakin titi da mai zama a gefen adaidaita su aka fi hara. Na gani da idona wata yamma muna cikin cunkoso: yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa tana duba saƙo, hannu kawai ya shigo ya fita, kafin ta yi salati yaron ya kurɗa tsakanin motoci. A cikin wayar akwai duk hotunan darussanta na zangon. Kukan da ta yi ba na kuɗin waya ba ne kaɗai. To waya ta zauna a cikin jaka, jaka a kan cinya, ta ɓangaren ciki. In kira ya zama dole, ka jira ka sauka ka shiga shago. Darussanka kuma ka riƙa tura su imel ko ka ajiye a wani wurin. Idan Allah ya kiyaye aka tare ka da makami, ka miƙa. Ana sayen wata wayar.

Kafin ka hau, ka kalli waɗanda ke ciki. Idan ranka bai kwanta ba, ka ce a wuce, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Idan an hau aka fara yawan matse ka ko "gyara zama" ba dalili, ka dafe aljihunka ka ce a sauke ka a inda mutane suke. Ki kula ƙanwata, kada ki hau da dare ke kaɗai cikin maza da ba ki sani ba, kuma in direba ya saki hanyar da kika sani ki yi magana da ƙarfi nan take. Ki tura wa wata lambar babur ɗin idan tafiyar yamma ce. A shekarar 2022 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar adaidaita daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro, kuma ko ba doka, abin hawa yana ƙaranci idan dare ya yi. Mai karatun dare ya zaɓa: ko ya tashi da wuri, ko ya kwana a makaranta.

Rage hanya alheri ne idan daga wanda ka sani ne, ɗan ajinku ko maƙwabci. Ka yi godiya, wani lokaci ka sa hannu a kuɗin mai, kada ka mayar da motar mutum taka. Motar da ba a sani ba kuwa, komai zafin rana, a bar ta ta wuce.

Mataki na tara: cefane, tafiya gida, da larurar dare

Kada ka shiga gari don abu ɗaya. Ka riƙa rubuta buƙatunka har su taru, gyaran waya a Farm Centre, kayan abinci a kasuwar Rimi, littafi ko takalmi a Sabon Gari, sannan ku haɗu ku biyu ko uku ku fita rana ɗaya, ku ɗauki shata a dawowa ku raba kuɗin. A nan ne shata take da riba, domin ga kaya.

Idan hutu ya zo, ka san tasharka. Masu bin hanyar Zariya, Kaduna da Abuja sukan nufi Unguwa Uku ko Na'ibawa. Masu Katsina, Ƙofar Ruwa. Masu Haɗeja da Gumel, 'Yankaba. Masu hanyar Wudil zuwa Bauci ko Maiduguri, Mariri. Duk suna da nisa daga Kabuga, saboda haka ka sa kuɗin zuwa tasha a cikin kuɗin tafiya, ka fita da asuba, ka shiga cikin tasha ka hau, kada ka tsaya a bakin hanya don ragin ɗari biyu. Katifa da manyan kaya ka bar su wurin amintacce, ba sai ka yi ta jigilarsu duk zango ba.

Saura larurar dare, wadda ba a fata. Tun a makon farko ka yi rajista a asibitin makaranta, ka san inda yake da ƙafarka. Ka ajiye lambobi uku a waya, ka kuma rubuta su a takarda ka liƙa a bayan ƙofar ɗakinka: ta direban adaidaitan da ke kwana a unguwarku, ta maƙwabcin da ke da mota wanda kuke gaisawa da shi a masallaci, da ta wani babba naka a cikin gari. Ka gaya wa abokin ɗakinka inda takardar take, domin mai yiwuwa ranar shi ne zai yi kiran, ba kai ba.